BABI NA UKU: TARIHIN GYARAN INJIN TSOFAFFIN BABURA A KONGO DA TUDUN WADAR ZARIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kafuwar Tudun Wada da ire-iren sana'o'in mazaunanta. A wannan babi kuwa za a ɗauki sana'a guda daga cikinsu, wato gyaran injin babur, musamman baburan da aka shigo da su ƙasar nan daga shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1980, waɗanda a yau ake kira tsofaffin yayi. Za a bi diddigin yadda baburan suka yawaita a Kongo da kewayenta, da yadda makanikai suka koyi gano cutar inji, da matakan da suke bi wajen tayar da injin da ya buga. Abin da babin yake ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, wannan ƙwarewa ta samu ne sakamakon haɗuwar zamani biyu, wato zamanin wadata wanda ya cika gari da babura, da zamanin tsuke bakin aljihu wanda ya hana masu baburan sayen sababbi. Da aka sami babura masu arha daga baya, sai dalilin da ya raya ƙwarewar ya yi rauni, har ta kai ga a yau 'yan tsirarun dattawa ne suka riƙe ta.

3.1 Kongo da Mahaya Babur na Farko

Turawan mulkin mallaka sun kama Zariya a shekarar 1902, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso garin a 1911. Daga nan ne garin ya kasu gida-gida. Akwai Birni na 'yan ƙasa, da Sabon Gari na ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa waɗanda akasarinsu daga Kudu suka zo, sai kuma Tudun Wada a bayan Ƙofar Doka, wadda aka keɓe wa baƙi 'yan Arewa. Kongo tana manne da Tudun Wada, kuma abin da ya fito da sunanta shi ne makarantar horar da akawuna da aka buɗe a can a ƙarshen shekarun 1940. Wannan makaranta ce ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, sannan ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A wannan shekara ta 1962 aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai a kusa da wurin, wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Ga kuma Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, ga babban asibitin Tudun Wada wanda ya yi zaman asibitin koyarwa na jami'a har zuwa 2005 da aka koma Shika.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan wurare ma'aikatu ne na masu ɗaukar albashi a ƙarshen wata, kamar akawuna da malaman makaranta da malaman asibiti da masu aikin ɗab'i. Irin waɗannan mutane sun fi ƙarfin keke, amma ba su kai ga mota ba. Haka kuma sassan garin suna nesa da juna, domin daga Kongo zuwa babbar harabar jami'a a Samaru ya haura kilomita 10. Saboda haka babur shi ne abin hawan da ya dace da aljihunsu da kuma zirga-zirgarsu.

Baburan farko na Ingila ne, irin su BSA da Triumph, sai ƙaramar Mobylette ta Faransa, da Vespa wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946. Masu gyaran farko kuwa sun fito ne daga cikin masu gyaran keke, da kuma waɗanda suka taɓa riƙe sifana a ma'aikatar jirgin ƙasa ko ta ayyuka. A wancan lokaci baburan ba su da yawan da mutum zai dogara da gyaransu kaɗai ya ci abinci.

3.2 Zamanin Udoji da Ire-iren Injuna

Al'amarin ya canza ne bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa da yawa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar duba aikin gwamnati a ƙarƙashin Jerome Udoji a 1972, hukumar ta miƙa rahotonta a 1974, aka kuma biya ma'aikata ƙarin albashi tare da ariyas a farkon 1975. Ma'aikaci ya wayi gari da kuɗin watanni da dama a hannu lokaci guda, kuma babur yana cikin abubuwan da aka fi yi wa rububi. Kamfanonin Japan ne suka ci kasuwar. Kamfanin Boulos yana harhaɗa Suzuki a Legas, kamfanin John Holt yana riƙe da Yamaha, sannan Honda ya kafa nasa kamfanin a Ota ta Jihar Ogun a 1979.

Injunan waɗannan babura iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne harsashin sana'ar. Na farko shi ne inji mai bugu biyu, irin na Vespa da Suzuki A100 da Yamaha YB100. Wannan inji ba shi da bawul irin na mota, kuma baƙin man da yake shafe fistin da boris yana shiga ne tare da fetur ya ƙone tare da shi, shi ya sa yake hayaƙi. A Vespa da hannu ake gauraya man a cikin tanki, kashi 2 cikin 100 ga samfuran baya-bayan nan, wato mililita 20 ga kowace lita ta fetur. Yamaha kuwa tun 1964 ya fito da famfon da yake auna man da kansa daga wani ɗan tanki na daban, Suzuki ma ya yi irin nasa. Na biyu shi ne inji mai bugu huɗu, irin na Honda CD175 da magadansa CD185 da CD200 Roadmaster. Wannan yana da bawul da kamshaf da sarƙar taimin, kuma baƙin mansa yana zaune ne a gindin inji, famfo yana tura shi sama, sai an yi juye ake sabunta shi.

Kowane iri yana da mutuwarsa. Mai bugu biyu yakan mutu ne ta hanyar kamewar fistin a cikin silinda, idan mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Honda kuwa rauninta yana sama ne, domin kamshaf ɗinta yana juyawa kai tsaye a cikin gorar ruwan da aka yi kan injin da ita, don haka da zarar mai ya ƙazantu ko ya daina isa sama, sai wurin ya cinye. Kamfanin Honda da kansa ya gano haka. A 1974 ya tura injiniyoyinsa wasu ƙasashen Asiya, suka tarar ana hawan babura da man da ya yi kauri ya zama kamar kwalta. Sakamakon haka ne aka fito da CG125 a 1975, aka sauko da kamshaf ɗinta ƙasa kusa da mai, domin ta jure wa sakaci. A Zariya akwai ƙarin maƙiyi ga duka injunan biyu, wato ƙurar hunturu, wadda idan ta wuce matatar iska takan gauraya da mai ta riƙa cin bangon silinda kamar sanfefa.

Duk da haka, a zamanin wadata aikin makaniki bai wuce sabis da canji ba. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi daraja, kayan gyara na asali suna nan a shaguna, mai babur kuma yana da abin saye. Idan silinda ta cinye sai a cire ta a ɗaura sabuwa.

3.3 Tsuke Bakin Aljihu da Bunƙasar Gyara

Farashin ɗanyen mai ya fara faɗuwa a 1981, a watan Afrilu na 1982 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya. Gwamnatin soja da ta biyo baya ta rage ma'aikata masu yawa a 1984. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki, aka karya darajar naira har dala ɗaya ta koma wajen naira 4, litar fetur kuma ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi. Zuwa ƙarshen 1994 lita ta kai naira 11. Albashin akawu da na malami ya daina isa ko da cefane, balle a yi zancen sabon babur. Wanda ya sayi nasa da kuɗin Udoji ya san cewa shi ke nan gare shi, ko dai ya raya shi ko ya koma tafiyar ƙasa.

A daidai wannan lokaci ne sana'ar acaɓa ta bazu a garuruwan Arewa. Wasu ma'aikata sukan tashi daga ofis su shiga ɗaukar fasinja da yamma, wasu kuma su ba yaro babur ya riƙa kawo balas. Injin da aka saba yi wa tafiyar gida zuwa ofis ya koma aiki daga asuba har dare da mutum biyu ko uku a kansa. Daɗin daɗawa, ƙarancin man fetur na shekarun 1990, musamman lokacin yajin aikin ma'aikatan mai na 1994, ya tura mutane wurin 'yan bumburutu, inda akan haɗu da fetur mai gaurayen kananzir. Irin wannan mai yana sa inji ƙara da zafi fiye da kima, har yakan huda kan fistin.

Ta haka ne lalacewar inji ta ƙaru a daidai lokacin da kayan gyara suka yi tsada. Kayan asali na Japan da Italiya suka zama sai wane da wane. Aka koma ga na Taiwan waɗanda 'yan kasuwar Nnewi suke shigowa da su, da kuma tsofaffin kayan da ake tsinta a wurin 'yan gwangwan, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a Fanteka ta Kaduna. A irin wannan hali kuskure yana da tsada ƙwarai. Makanikin da ya sa mutum ya sayi fistin da ringi alhali bawul ne yake yoyo, ya cinye masa kuɗin wata guda a banza, kuma labarinsa zai zaga unguwa kafin magariba. Wannan ne ya sa aka fara auna makaniki da iya faɗin cuta tun kafin ya kwance ko noti ɗaya.

3.4 Hanyoyin Gano Cutar Inji

Garejin bakin titi ba shi da agogon auna matsin iska, ba shi da littafin kamfani. Kayan binciken makaniki su ne bakinsa da ƙafarsa da idonsa da kunnensa, kuma akwai tsarin da ake bi daki-daki, daga abu mai arha zuwa mai tsada.

Mataki na farko shi ne tambaya. Ana tambayar mai babur yaushe aka yi juye, a ina ya sha mai na ƙarshe, kuma ta yaya injin ya tsaya. Injin da ya yi ta shaƙewa kafin ya mutu yana nuni ne ga fetur ko kafireta. Wanda ya ɗauke farat ɗaya kamar an kashe makulli yana nuni ga wuta. Wanda kuma ya yi nauyi ana cikin gudu har tayar baya ta ja ƙasa, to fistin ne ya kame.

Mataki na biyu shi ne taka kik a hankali. Idan ƙafa ta ji turjiya, akwai matsi a cikin silinda. Idan kik ya zube ba nauyi, matsin yana zurarewa ta wani wuri. Idan ya ƙi motsi sam, ba a tilasta masa, domin ƙarfi yana iya karya ringi ko ya lanƙwasa kwanrod. Domin a raba tsakanin ringi da bawul a inji mai bugu huɗu, akan cire fulogi a ɗiga baƙin mai kaɗan a cikin ramin, a mayar, a sake takawa. Idan nauyi ya dawo, ringi ne suka cinye, saboda man ya toshe gibin na ɗan lokaci. Idan bai dawo ba, sai a nemi laifin a bawul ko gasket.

Mataki na uku shi ne duban fulogi da hayaƙi. Bakin fulogi mai launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai busasshen kunkunniya yana nufin fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. Baƙi mai maiƙo yana nufin baƙin mai yana hawowa inda wuta take ci. Fari fat kuwa shi ne abin tsoro, domin yana nuna fetur ya yi kaɗan kuma injin yana ƙuna. Haka nan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansar Honda alamar cin mai ce, baƙi kuma alamar yawan fetur. A mai bugu biyu hayaƙi al'ada ce, amma idan ya yi kauri yana wari, man giya kuma yana raguwa, to robar sil ta ɓangaren kuloci ce ta fashe. Idan kuma injin ya ƙi sauka bayan an saki totur, iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya, sau da yawa ta sil na ɓangaren magineto, kuma wannan yana daga cikin manyan dalilan kamewar fistin. A nan ne kuma ake jingina fulogi a jikin inji a taka kik a ga tartsatsi. Shuɗi mai ƙarfi shi ake nema, ja mai rauni kuwa yana kai makaniki ga kwantak ko kwandansa ko kwayil.

Mataki na huɗu, wanda ya fi kowanne wuyar koyo, shi ne saurare. Makaniki yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya riƙa matsawa daga sama zuwa ƙasa. Siririyar ƙara mai saurin gaske daga sama ta tafet ce, kuma gyaranta saiti ne kawai. Kwaramniya daga gefe ta sarƙar taimin ce da ta saki. Ƙara kamar ana kaɗa gwangwani, wadda take raguwa idan inji ya yi zafi, ta fistin ce da ya yi wa silinda kaɗan. Gurnani mai ɗorewa daga ƙasa na boris ɗin karanshaf ne. Bugu mai nauyi da yake ƙaruwa idan an ja totur shi ne na gindin kwanrod, kuma shi ne ainihin abin da ake nufi idan an ce inji ya buga. Yaron gareji yakan shekara yana wankin kaya a cikin fetur yana miƙa sifana, maigidansa yana sa shi kasa kunne ga kowane injin da aka kawo, kafin a yarda ya faɗi ra'ayinsa a gaban mai babur.

3.5 Matakan Gyara

Bayan an tabbatar da cuta sai a sauke inji a kwance shi a kan buhu ko faranti, ana jera kayan bisa tsarin da aka ciro su. Ana duba bangon silinda da farce, domin idan farce ya maƙale a wani zane ko a gaɓar da ringi suke tsayawa daga sama, to canjin ringi kaɗai ba zai yi magani ba. A nan ne aikin makaniki yake haɗuwa da na mai injin tona, wanda zai yashe silindar ya faɗaɗa ta daidai da sabon fistin. Kamfanonin Japan sukan yi fistin mai ƙarin girma hawa huɗu, wato milimita 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00. Ƙa'ida ita ce a sayi fistin tukuna a kai shi tare da silinda, domin da shi ake aunawa. Idan an cinye hawa huɗun, sai a dasa sabon hannun riga na ƙarfe a cikin silindar, a koma awon farko. Ta wannan hanya silinda guda takan yi rayuwa sau biyar ko fiye.

Karanshaf na waɗannan babura haɗe-haɗe ne, an matse sassansa da injin matsi. Idan gindin kwanrod ya buga, sai a raba shi, a sa sabon kwanrod da fil da boris, a sake matsewa, sannan a ɗora shi a kan ma'auni ana juyawa ana ɗan bubbuga shi da guduma mai taushi har ya miƙe. Karanshaf ɗin da bai miƙe ba yakan sa babur karkarwa, ya kuma cinye sabon boris cikin 'yan makonni. Bawul kuwa ana wasa shi ne a mazauninsa da wani kulli mai yashi-yashi, ana murza shi tsakanin tafin hannu biyu. Gwajinsa shi ne a zuba fetur a bayansa, idan bai tsattsafo ba ya zauna. Idan gasket ya gagara samuwa, akan yanka na murfin gefe daga takarda mai kauri.

Akwai kuma ƙananan abubuwa waɗanda mantawa da su yake mayar da aiki baya. A CD175 akwai wani ɗan kofi a ƙarshen karanshaf wanda yake tace mai ta hanyar juyawa, kuma idan ba a buɗe shi an kankare dattin ba, sabon aikin ma zai ci ƙasa. A Vespa dole ne a mayar da murfin da yake tattara iskar fanka a kan silinda, domin injinta a rufe yake, iskar hanya ba ta isa gare shi. Dole ne kuma a duba ɗan makullin da yake riƙe magineto a kan karanshaf, saboda idan ya yanke lokacin wuta yakan goce. Salansar mai bugu biyu akan ƙona ta a wuta domin kunkunniyar da ta toshe ta ta zube. Daga ƙarshe sai saiti, wanda a yawancin ƙananan Honda na wancan zamani shi ne gibin tafet milimita 0.05, na kwantak 0.3 zuwa 0.4, na fulogi kuma 0.6 zuwa 0.7. Akan gargaɗi mai babur ya lallaɓa injin na wasu ɗaruruwan kilomita, kada ya yi gudu ko lodi, ya kuma yi juye da wuri. Ɗan acaɓar da yake da balas a wuyansa ba kasafai yake iya wannan haƙuri ba, shi ya sa yawancin gardamar da ake yi a gareji a kan wannan gaɓa take tashi.

3.6 Zuwan Baburan Sin da Indiya

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 baburan ƙasar Sin suka fara kwararowa, musamman Jincheng, wadda aka ƙera bisa samfurin Suzuki AX100. Bayanta sai Bajaj Boxer ta Indiya ta mamaye kasuwar acaɓa saboda ƙarancin shan mai. Waɗannan babura sun zo da kayan gyara masu arha, har ta kai ga cikakkiyar silinda da fistin da ringi a kwali guda ba ta fi kuɗin kai tsohuwa wurin mai tona ba, ga shi kuma a yini ɗaya an gama. Wutar lantarkinsu ma a cikin rufaffen akwati take, babu kwantak da za a goge ko a saita, idan ya mutu sai dai a jefar. Hausawa sun ce arha ba ta ado, amma ga mai neman abincin yau lissafin a fili yake. Saboda haka yaran da suka shiga gareji daga wannan lokaci sun tashi ne da koyon canji, kamar yadda aka yi a zamanin Udoji, sai dai wannan karon da kaya marasa ƙarko.

Dokar da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa a 2014, a zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, wadda ta hana acaɓa a manyan garuruwan jihar har da Zariya, ta ƙara karkata hankalin matasan makanikai zuwa ga babur mai ƙafa uku. Tsofaffin Vespa da Roadmaster kuwa da yawansu an jingine su a zaure ko a bayan ɗaki, wasu kuma 'yan gwangwan sun auna su a kan sikeli.

3.7 Tayar da Tsohon Babur a Yau

Duk da haka ba a rasa masu neman tayar da irin waɗannan babura ba. Wani gadon mahaifinsa ne yake son ya sake jin ƙararsa, wani kuma dattijo ne da bai yarda da ƙarkon na zamani ba. Sai dai injin da ya shekara 15 ko 20 a ajiye yana da cututtukan da suka bambanta da na wanda yake kan hanya. Damina takan shigar da danshi ta salansa ko ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe, ringi su yi tsatsa su manne da silinda. Maganin wannan shi ne a zuba man gas ko kananzir ta ramin fulogi a bar shi kwanaki, ana ɗan girgiza karanshaf gaba da baya. Fetur ɗin da ya bushe a kafireta yakan zama danƙo ya toshe ƙananan ramuka, tanki yakan yi tsatsa daga ciki, robobin sil kuma sukan ƙandare ko da ba a taɓa su ba. Don haka ƙwararru ba su yarda a tayar da tsohuwar Vespa a hau ba sai an canza sil, ko da kuwa ta tashi a bugu ɗaya.

Matsalar kayan gyara ta fi sauƙi ga Vespa, saboda kamfanin Bajaj ya ƙera ta a Indiya da izinin Piaggio daga 1960 zuwa 1971, sannan ya ci gaba da irinta da sunan Chetak, shi kuma samfurin PX da ya fito a 1977 ba a daina ƙera shi gaba ɗaya ba sai 2017. Ga CD175 kuwa, wadda aka daina ƙerawa tun ƙarshen shekarun 1970, sau da yawa sai an sayi matattu biyu kafin a tayar da ɗaya. Idan kan injinta ya cinye a mazaunin kamshaf, sai an sami mai tona wanda ya iya dasa tagulla a wurin. A irin wannan aiki ne ake komawa neman dattawan da suka yi zamanin tsuke bakin aljihu, domin da tsohuwar zuma ake magani.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda ma'aikatun Kongo da Tudun Wada suka tara masu albashi, yadda kuɗin Udoji na 1975 suka mayar da su mahaya babur, da yadda matsin tattalin arziki daga 1982 ya tilasta wa makanikai koyon gano cuta kafin kwancewa da kuma raya kayan da a da ake jefarwa. An kuma ga yadda arhar baburan Sin da Indiya ta rage bukatar wannan ilimi. Abin damuwa shi ne ilimin ba a rubuce yake ba, a kunne da hannun masu shi yake zaune, kuma wanda ya fara koyo yana ɗan shekara 15 a 1975 ya haura shekara 60 a yau. Tare da ilimin akwai kalmomin da sana'ar ta aro ta Hausantar, irin su fistin da kafireta da boris da juye, da kuma maganganu irin su inji ya buga. Babi na huɗu zai nazarci waɗannan kalmomi ta fuskar tsarin sauti da ma'ana.